Sanyin Da Ya Riga Girbi

Ruga, saman dutse
Litinin

Zuwa ga yayata, Ausi Puseletso,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibitin mishan, da Inna in kin tsallaka kogi kin gan ta. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya, ita kuwa ba a kai ta asibiti.

Yau da safe na fito daga bukka zan buɗe garke, sai iska ta bugi fuskata da ɗumi kamar an buɗe tukunya. Kin san a saman nan ko tsakiyar damina da bargo ake fita da safe. Daga arewa take, a bushe, tana ta busawa ba hutu. Na duba yamma, can bayan duwatsu, sai ga gajimare sirara dogaye, kamar gashin akuya da aka taje aka shanya. Rana ta fito da zobe kewaye da ita. Ɓerayen dutse da suka saba zama bakin rami suna shan hantsi, yau babu mai zama, kowanne da ciyawa a baki, ya shiga ya fito. Tumakin kuma na kora su sama suka ƙi hawa, sai juyowa suke suna neman gangare.

Ban ce na san abin da ke tafe ba. Na taɓa ganin irin wannan safiya, amma a watan Mayu ne, an gama girbi, muna ƙasa. Yanzu kuwa Maris bai daɗe da kamawa ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne tumakin. Kin san bana an yi musu sausaya a makare, gashin jikinsu bai fi farce ba, ga shi yawancinsu cikinsu ya tsufa. In ruwa mai sanyi ya jiƙa su iska ta bi bayansa, a tsaye za su mutu. Su ne abin da Baba ya bari, da gashinsu Inna take ci, ba sai na faɗa miki ba.

Na kira Nthako, maƙwabcina da ke kiwon tumakin mai kanti, na nuna masa sama na nuna masa ramukan. Ya ce, "Mosala, wato kai da ɓeraye kuka yi taro? Me babbansu ya ce?" Na ce, "Ya ce in gaishe ka, wai kai ɗan'uwansu ne wajen taɓa garin mutane." Ya yi dariya ya tafi. Rediyonsa batir ya mutu tun Kirsimeti, shi ma bai san komai ba.

Abu biyu nake roƙo. Ki kasa kunne in Sista ta kunna rediyo a kicin, ki ji me masu hasashen yanayi suke cewa, ki rubuto mini yadda suka faɗa, kada ki rage don kada in tsorata. Sannan ki tsallaka ki ga Baffa Letuka, tunda yana zama a fadar mai gari, ya roƙa mana a bar ni in sauko da su kafin a buɗe hurumi, makiyayar nan da gari ke keɓewa.

Dattijon nan Ntate Phafoli da ya kawo mana gari da gishiri ya gama ɗaure jakunansa yana hararata, dole in tsaya nan. Ki gaida Inna, kada ki gaya mata komai tukuna.

Ƙaninki,
Mosala


Asibitin mishan
Laraba

Autan Inna,

Na ga takardarka, na gode Allah da kake lafiya. Rubutunka har yanzu kamar kaza ta bi ta kan toka, amma na karanta.

Ɓerayenka ba su yi ƙarya ba, ko kuma su ma rediyo suke saurara. Jiya ina wanke tukwane mutumin hasashen yanayi ya fara magana, na ce wa Sista ta ƙara murya. Ga abin da ya ce, ban rage ba. Wani sanyi ya taso daga teku can kudu, irin wanda ba a gani sai tsakiyar hunturu, ya riga lokacinsa. Yana tafe ne a jere kamar katanga. Zafin nan da muke sha, shi ne yake turo shi gabansa. Inda sanyin ya tarar da zafi da danshin damina, nan hadari zai haɗu, da iska mai ƙarfi, da ƙanƙara manya manya, in ya wuce kuma dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu masu tsawo. Ya ce masu dabbobi su kai su mafaka. Ya ce Juma'a. Amma ya ƙara da cewa ba su da tabbas, yana iya karkata ya bi teku ya bar mu. Sista ta ce, "To Allah ya sa ya bi tekun, kifi ba su da gona."

Yau da na tashi aiki na bi mai kwalekwale na tsallaka. Na sami Baffa a ƙofar gida yana ɗinke sirdi. Na durƙusa na zayyana masa duka. Bai ko ɗago ba ya ce, "Shi wannan rediyon, yana da gona a nan Ha Mpeli?" Na ce a'a. Ya ce, "Yana da tunkiya?" Na ce, "Baffa, mu ke da tunkiyar, shi ya sa na zo." Ya ce bakin nan nawa shi ya hana ni aure. Na ce na ji, amma maganar tumaki fa? Sai ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da takardar da na haɗo maka da wannan. Ban buɗe ba, amma na ga fuskarsa, kada ka sa rai.

Ka ce kada in gaya wa Inna. Mosala, matar nan ta haife mu. Ina shiga ta dube ni ta ce, "Me ya sami tumakin?" Ba ta tambayi lafiyarka ba sai daga baya, kada ka ji haushi. Ta ba da tsohon bargon Baba a kawo maka, da busassun 'ya'yan itacen fis na bara.

Masara ta yi kyau bana, sai ka gani. Ta fara nono, kowa yana zagaya gonarsa safe da yamma kamar mai sabon jariri. Ba wanda yake son jin maganar ƙanƙara, in ka ambace ta sai a dube ka kamar kai za ka kira ta.

Wani mutumin ƙauyen gaba zai hau ɗauko bijimin yanka don jana'iza, shi zai kawo maka. Ka ci abinci. Ka daina kwana da takalmin roba a ƙafa.

Yayarka,
Puseletso


Ha Mpeli
Laraba

Zuwa ga ɗana Mosala,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ta bakin yayarka, tare da ƙarin da ta yi masa.

Ba zan kai wannan magana gaban mai gari ba, kuma zan gaya maka dalili don kada ka ce na ƙi ka ne. Hurumi a rufe yake har sai an girbe, kamar yadda yake tun kafin a haifi ubanka. Ciyawar da ke cikinsa ita dabbobin gari duka za su ci da hunturu. In an bar ka ka sauko, gobe kowane makiyayi zai sauko, shi ma ya ce ya ji a rediyo. Kafin mako ciyawa ta ƙare, shanu sun shiga masara, gari ya rikice. Bara ma rediyon nan ya yi mana alkawarin dusar ƙanƙara, muka kwana muka tashi da rana.

Akwai kogo a bayan rugarku. Nan ubanka yake fakewa, nan kakanka ya fake. Ka kai su can in ka ga hadari.

Ka sani duk dabbar da aka gani a hurumi, ko ta wane ce, garken mai gari za a kai ta a tsare, sai an yi shari'a an biya tara. Gidanmu ba a taɓa kiran sunansa a wannan shari'a ba. Ni da nake zama kusa da mai gari, ba na so a fara a kaina.

Ka yi haƙuri, ka riƙe amanar da aka ba ka. Allah ya kiyaye ka.

Baffanka,
Letuka


Bakin mashiga, inda aka tara duwatsun iyaka
Asabar

Ausi Puseletso,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Bargo ya iso, ki ce mata na gode. Har yanzu yana warin tabar Baba.

Juma'a ta zo ta wuce, ko ɗigo bai sauka ba. Zafi ma ya ƙaru, iskar nan ta arewa tana ta busawa har leɓena ya tsage. Nthako ya zo da hantsi ya lulluɓe da barguna biyu yana rawar ɗari ta ƙarya, yana cewa, "Wayyo sanyi! Mosala, ka cece ni, dusar ƙanƙara ta binne ni!" Na ba shi kunu ya sha, na ce ya yi a hankali kada ya daskare masa a wuya. Amma gaskiya, Ausi, ni ma na fara jin kunyar kaina. Na gaji da kallon sama. Wuyana ya ƙage.

Na bi maganar Baffa na je kogon. Na tarar makiyayan ruga uku sun riga ni, sun cika shi da shanu, su ma ashe tsoron suke ji, bakinsu ne kawai yake dariya. Ko da akwai wuri, tunkiya mai ciki ba ta kwana tsakanin ƙafafun shanu. A zamanin kaka dabbobin dutsen nan ba su kai haka ba. Kada ki gaya wa Baffa na ce haka.

Don haka na gangaro da su sannu a hankali har nan bakin iyaka. Ban ƙetare ba. Daga inda nake zaune ina hango hurumi kore shar, da gonaki, da rufin ɗakin Inna. Nan babu bukka babu garke, ni da karnuka muke zagaye su saboda dila.

Ga abin da nake ta juyawa a raina, ki ji kafin ki yi faɗa. Baffa ya ce duk dabbar da aka gani a hurumi garken mai gari za a kai ta. Ki tuna garken nan. Yana ƙarƙashin dutsen da ya yi rumfa, katangarsa ta fi ni tsawo, ya ba kudu baya. Duk kwarin nan babu wurin da ya kai shi mafaka. Garkenmu na gida katangarsa ta zube tun rasuwar Baba, ba shi da rufi, kuma ko can na kai su kama su za a yi. To in dai kamun ne, gara in kai su da kaina da rana tsaka, kowa yana gani. Za a ci mu tara, rago ne ko biyu. Za a kira sunan gidanmu a fada. Na san abin da wannan zai yi wa Baffa, na san abin da zai yi wa Inna a coci.

In kuma na yi haka sanyin ya bi teku, to na zubar da rago na zubar da mutunci a banza, har in tsufa ana ba da labarina.

Ba zan motsa ba sai na ji daga gare ki. Ki sake saurara mini rediyon. Ki tambayi Inna, tumakinta ne, in ta ce a'a zan zauna nan in ga abin da Allah zai yi. Masu wucewa ba sa yankewa a mashigar nan, duk wanda kika ba zai same ni.

Ƙaninki,
Mosala


Ha Mpeli
Lahadi

Mosala,

Gaisuwa a taƙaice, mai doki yana jira.

Sanyin bai bi teku ba. Mutumin rediyo ya ce tafiyarsa ce ta ragu, kuma da ya tsaya ƙarfi ya ƙara. Ya riga ya shigo ƙasa ta kudu, ya kwashe rufin gidaje a garuruwan da ya bi. Yanzu cewa suke gobe Litinin da la'asar, ko Talata. Wannan karon bai ce ba su da tabbas ba. Ya maimaita maganar masu kiwo a kan duwatsu har sau biyu.

Bayan coci na karanta wa Inna takardarka. Da na kai wurin garken mai gari ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta tashi ta fita ta hau shara, tsakar gidan da na riga na share. Na bi ta na ce, "Inna, amsa yake jira." Ta ce, "Ubanku har ya mutu ko akuyarsa ba ta taɓa kwana a garken nan ba." Na ce haka ne. Ta ce, "Matan coci za su samu abin taunawa har Ista." Na ce, "Inna, su ma haƙoransu sun kwana biyu ba aiki." Ta ɗaga tsintsiya kamar za ta maka mini, sai ta zauna a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon dutsen da kake.

Ga abin da ta ce in rubuta, da bakinta: "Ka sauko da su. Kunya zan iya ɗauka, na saba. Amma kada tunkiya ɗaya ta sa baki a masarar mutane, wannan ba zan iya ɗauka ba."

Ban gaya wa Baffa ba. Gara ya ji tare da kowa, ya samu bakin cewa bai sani ba.

Ni zan koma bakin aiki yau, in kogi ya cika ban san ranar da zan tsallako ba. Ka rubuto ta hannun mai kwalekwale. In ka ga Nthako ka ce masa ya bar wasa.

Allah ya tsare.
Puseletso


Ha Mpeli
Alhamis

Yayata,

Ina gaishe ki. Muna raye, ni da Inna. Mai kwalekwale ya ce ba ya ɗaukar mutum a ruwan nan, amma takarda ba ta da nauyi.

Ranar Litinin da sassafe na koma sama da gudu na gaya wa Nthako. Ya ce shi tumakin ba nasa ba ne, in ya kai na mai kanti kamu, korarsa za a yi. Ya ce, "Je ka, fursuna, in an ba ka tuwon gidan yari ka ajiye mini." Na dawo na kora nawa.

Ban bi hanyar gonaki ba. Na bi da su ta cikin rafi, kan duwatsu, ruwa iya idon sawu. Hanyar ta fi nisa, masu ciki suna ta zamewa, sai na tsaya su huta mu ci gaba. Rana ta kusa tsaka muka fito tsakiyar hurumi. Na tsaya. Tumaki suka sa kai a ciyawa kamar ba su taɓa ci ba. Na jira, na jira, babu wanda ya zo kama ni.

Sai da na je da kaina na sami Ntate Tsiu, mai gadin hurumi, a gindin itacen fis yana barci da hula a fuska. Na ce, "Ntate, akwai tumaki a hurumi." Ya zabura ya ce, "Na wane ɗan iskan ne?" Na ce nawa ne. Ya dube ni, ya dubi tumakin, ya rage murya ya ce, "Ɗan marigayi, juya su maza, ban gan ka ba." Na ce, "Ka gan ni, Ntate. Kama su." Ya ce, "Ka sha wani abu ne a saman can?" Na nuna masa kudu. Lokacin gindin sama ya fara baƙi. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Na tsufa a aikin nan, ban taɓa ganin mai laifi ya tashe ni daga barci ba." Shi ya shige gaba, ni ina baya, muka kai su garke. Yana rufe ƙofa yana ɗaga murya don mutane su ji, "Ba ku da kunya, yaran zamani!" yana kuma nuna mini da ido lungun da rumfar ta fi zurfi.

Baffa ya zo. Ya wuce ta gabana. Ya tsaya ya dubi tumakin ta saman katanga ya juya.

Da la'asar iskar arewa ta tsaya cak. Kwana da kwanaki tana busawa, da ta yi shiru sai kunnena ya riƙa ƙara. Hadarin ya taho baƙi, ƙasansa kore kore, irin launin da ban taɓa gani ba. Kafin ya iso muka ji shi, kamar ana zazzage tsakuwa daga babbar mota. Sannan ƙanƙara. Wasu sun kai ƙwan kaza. Na shige cikin tumakin na rungume biyu. Ba ta daɗe ba, Ausi, ko tuwo ba za a gama tuƙawa ba. Bayanta ruwa, da iska daga kudu mai shiga ƙashi. Da gari ya waye duwatsu duka fari fat har ƙasa da mashigar da na zauna.

Rumfar ba ta ɗauke su duka ba. Waɗanda suka rage a fili ƙanƙara ta kashe kaɗan, tsofaffi biyu kuma suka yi ɓari. Sauran suna nan a tsaye. Jiya ɗaya ta haihu. Ntate Tsiu ya ce wannan tun daga haihuwa ɗan kurkuku ne.

Masara ta tafi. Ta kowa, har da tamu. Kara ne kawai a tsaye, ganye ya zama zare. Mata suna shiga gona su tsaya su fito, ba mai kuka ma. Ban ji daɗin komai ba, kada ki zaci na ji. Ina ratsa gari da damin ciyawar da na yanko wa tumaki a bakin rafi, ba na iya ɗaga ido.

Nthako ya sauko jiya da yamma, ƙafafunsa a kumbure, bargonsa ya sandare. Iska ta watsa masa garke, da yawa ya same su a kwazazzabo a kan juna. Inna ta zaunar da shi bakin wuta. Ya dube ni yana so ya yi tsokanar da ya saba, sai ya juya ya miƙa ƙafafunsa ga wuta. In akwai man da ake shafa wa ƙafar da sanyi ya ci, ki roƙi Sista ki aiko.

An ce shari'a ranar Asabar. Barci nake ji kamar in faɗi.

Ƙaninki,
Mosala


Ha Mpeli
Juma'a

Zuwa ga 'yata Puseletso,

Bayan gaisuwa, ina fata ruwan bai yi muku ɓarna a mishan ba. Mu nan sai godiya. Gonata ta bi sauran.

Ina rubuto miki ne don magana ta canja. Da tarar hurumi ce kawai, da ban damu ba, na riga na haɗiye wannan. Amma yau Ntate Khoabane, mai gonar da ke gangaren rafi, ya kai ƙara cewa tumakin ƙaninki sun ratsa gonarsa sun cinye masara kafin ƙanƙara ta sauka. Yana neman a biya shi amfanin gonar duka. In mai gari ya yarda, abin da za a ɗiba a garken nan ba zai bar wa uwarku abin kirki ba. Gonar kuwa yanzu babu mai iya duba ta ya ce wannan haƙori ne wannan ƙanƙara ce. Ruwa ya wanke sawu.

Khoabane ba mugun mutum ba ne. Yana da baki da yawa a gida, ga hunturu tafe, ga tumaki a tsaye a gabansa. Amma gaskiya daban.

Ni ba zan iya magana a shari'ar ba, jinina ne. Tsiu kuma daga hurumi ya fara ganinsu, bai ga hanyar da suka biyo ba. Na tambayi yaron ko akwai wanda ya gan shi a rafi, ya ce akwai, na ce wa, ya ce ba ya so ya haɗa wani gida faɗa. Daga nan ya koma gindin katanga ya zauna. Taurin kan ubansa ne, na san shi.

Ke yake ji. Ki rubuto masa yau, ya faɗi suna.

Ban ce abin da ya yi daidai ne ba. Na dai je na duba tumakin, suna cin ciyawa.

Baffanki,
Letuka


Ha Mpeli
Asabar

Ausi Puseletso,

Ina gaishe ki. Man ƙafa ya iso, takardarki ma ta iso, na sha faɗan.

An yi shari'a. Mai gari ya ci mu tarar rago ɗaya, babban, saboda hurumi. Ya ce doka ba ta san ƙanƙara ba, kuma duk wanda ya sake yi masa wannan dabara sai ya ninka masa. Sauran an sake su. Ya ba ni zuwa Litinin, in dusar ta narke, in mayar da su sama. Inna tana can tana shafa su ɗaya bayan ɗaya.

Maganar gona ta faɗi. Ban kira sunan kowa ba, Ausi. Mai gari ya tambaya har sau biyu wa ya gan ni a rafi, ina kallon ƙasa. Su suka tashi da kansu. Tsohuwa 'Malerato ta ce tana wanki na wuce ta, har tunkiya ta taka mata zane. Ntate Phafoli ya ce yana shayar da jakunansa ya matsa mini hanya. Sai can baya, cikin mata, wata ta miƙe ta gyara bargonta. Ta ce ita tana bakin gonar tun hantsi tana korar tsuntsaye, ta ga tumakin sun bi ruwa har suka wuce, da ɗaya ta nufi gaɓa ma ita ta kaɗa ta da ɗankwalinta ta koma. Ta ce yunwa za su yi bana, amma ba da naman gwauruwa za su yi maganinta ba. Ta zauna ba ta dubi kowa ba.

'Mapalesa ce, matar Ntate Khoabane.

Ƙaninki,
Mosala